Waya ta Goma Sha Huɗu

Da ƙarfe tara da minti goma na safiyar Alhamis, kwamfutar Sakatariya ta ba da sanarwar cewa ba ta ga firinta ba. Firintar kuwa tana nan inda ta saba zama, a gindin taga, taku uku daga kwamfutar, fitilarta a kunne, cikinta cike da takarda. Duk mai ido a ofishin yana ganin ta. Kwamfutar ce kaɗai ta ƙi.

Babban Akawu ya zo ya tsaya bayan kujerar Sakatariya, ya gyara zaman tabarau, ya karanta saƙon da ke kan allo sau biyu. Abin da ya fara lura da shi shi ne jimlar ta yi tsawo. Da shi ya rubuta, da kalma uku sun wadatar. Shekararsa talatin da huɗu yana aikin ofis, kuma a tsawon wannan lokaci babu takardar da ta ratsa teburinsa ta fita da yawan kalmomin da ta shigo da su. Kullum akwai jan biro a aljihun gaban rigarsa, shi ya sa ake kiransa Jan Biro a bayan idonsa. Ya san da sunan, bai kuma taɓa ganin aibunsa ba, domin sunan gajere ne.

"Sake gwadawa," in ji shi.

"Na gwada, Yallaɓai."

"Sau nawa?"

"Na daina ƙirgawa."

Da wata rana ce daban, da an bar firintar ta huce, kowa ya ja kujera ya shiga hira. Amma yau da ƙarfe biyu daidai Darakta zai miƙa ofis ga wanda zai gaje shi, kuma akwai takarda ɗaya da ke jiran sa hannunsa: ta canjin wurin aikin Sakatariya. Sai jiya da yamma hedkwata ta amince. Sabon Daraktan kuwa tun bai iso ba ya aiko da saƙo cewa zai dakatar da duk wani canjin wuri har sai ya fahimci ma'aikatansa, abin da a harshen ofis ke nufin har illa ma sha Allahu. Ba a yarda da rubutun hannu a irin wannan takarda ba, ba kuma za a iya kai ta shagon buga takardu na tsallaken titi ba, domin tana cikin manhajar hedkwata, wadda ba ta sakin komai sai ta firintar da ta yi wa rajista. Ɗaya firintar ofishin ta mutu tun bara, an ɗora tukunyar fure a kanta.

Sakatariya 'yar ƙanwar Babban Akawu ce. Shi ya riƙe ta tun tana shekara tara, bayan rasuwar mahaifiyarta. A gida yana ce mata Auta, ita kuma ta ce Kawu; a ofis ya kafa doka cewa ita Sakatariya ce, shi Yallaɓai, kuma cikin shekara shida ba a taɓa karya dokar ba. Mijinta da 'ya'yanta biyu suna wani gari, tafiyar awa shida a mota. Shekara biyu ke nan tana zuwa ganinsu duk bayan mako biyu, sauran kwanakin kuma ta kwana a tsohon ɗakinta na gidan Kawu, inda tun rasuwar matarsa babu wani motsi sai nata da na agogon bango. Shi da kansa ya tura takardar neman canjin, bayan ya rage ta daga shafi guda zuwa layi huɗu. Bai taɓa cewa komai a kan maganar ba, a ofis ko a gida.

Aka kira Injiniya, mai kula da na'urorin ofishin. Yana wani reshe, ba zai iso ba sai gobe. Sakatariya ta buɗe muryar wayarta ta ajiye a kan tebur.

"Baba, ina kwana?" in ji Injiniya. "Me ta yi kuma?"

"Ba ta yi komai ba," in ji Babban Akawu. "Wannan shi ne ƙorafin."

"An kashe an kunna?"

"An yi."

"To, Baba, sai haƙuri, a leƙa bayanta. Akwai wata waya shuɗiya da ta fito daga bango ta shige ta."

Babban Akawu ya tattare riga ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara irin ta tsohuwar durowa. Bayan firintar ya tarar da ƙura, da murfin biro, da wani fayil da aka yi wata uku ana nema. Wayar shuɗiya na nan.

"A cire ta a mayar, sai an ji ta yi ƙas."

Ta yi ƙas.

"A gefen ramin akwai 'yar fitila. Tana ƙyaftawa?"

"Ko motsi ba ta yi."

"Ita ma ta yi ritaya ke nan. Hajiya, ara mana wayar kwamfutarki mu gwada, ko ta firintar ce ta karye daga ciki."

Aka musanya wayoyin. Fitilar ba ta ƙyafta ba. Aka mayar da kowace inda take. Daga nan Injiniya ya sa aka danna wasu maɓallai a goshin firintar domin ta buga bayanin kanta. Nan take ta yi gyaran murya ta fitar da shafi tsaf, babu ko ɗigon tawada a gefe, alamar tana iya aiki sarai matuƙar ba mai buƙatar aikin.

"Baba, nemi inda aka rubuta adireshi, ka karanta mini."

"Sifili, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili, ɗigo, sifili."

"Yauwa. Ka ga matsalar. Lafiyarta ƙalau, adireshi ne ba ta da shi. Kwamfuta ta rubuta wasiƙa ta ba masinja, masinja ya fita bai san gidan ba."

Wannan ne bayani na farko da Babban Akawu ya fahimta tun da aka kawo kwamfuta ofishin, har ya ji Injiniya ya ɗan ƙaru a idonsa.

Sakatariya ta ce, "Idan muka ja ta zuwa wani soket ɗin fa?"

"Kada ku soma. Hedkwata ta ɗaure kowane soket da na'urarsa. Kuna sa ta a na wani, za a rufe shi, ku rasa biyu. Lamba nawa ce a jikin nata?"

"Tara."

"To ku je baranda, wurin akwatin nan na ƙarfe mai ƙofar gilashi. Duk wayoyin bango can suke haɗuwa. Ku duba mini rami na tara."

Suka fita, Babban Akawu a gaba, Sakatariya a baya riƙe da waya. Akwatin na maƙale a bango kusa da ƙofar banɗaki. Ta cikin gilashi ana ganin gajerun wayoyi a jere, kowace ta fito daga sama ta shige raminta a ƙasa, kowace da 'yar koriyar fitilarta tana ƙyaftawa. Bakwai, takwas, goma. Rami na tara wayam. A jikin ƙofar kuma an maƙala sabon kwaɗo, wanda ba Injiniya ne ya sa ba.

"Wani ya zare ta," in ji Injiniya. "Baba, wannan kuma ya wuce ilimina. Ku nemo ɓarawonku, ku mayar da ita, shi ke nan. Ko minti ɗaya ba za ta ɗauka ba."

Kwaɗo a wannan ofishi sa hannun mutum ɗaya ne. Babban Akawu ya sallami Sakatariya ta koma kujerarta, shi kuma ya gangara ƙasan bene, inda sito yake.

Mai Sito sa'ansa ne. Wata ɗaya aka ɗauke su aiki. Mutum ne da bai taɓa ɓatar da ko allurar liƙe takarda ba, bai kuma taɓa ba da ita da daɗin rai ba. Babban Akawu ya same shi yana goge kanta da tsumma.

"A'a, manya a ƙasan bene! Lafiya dai?"

"Ka taɓa akwatin baranda?"

"Na taɓa, na kuma kulle. A buɗe na same shi, kamar kayan marasa gado."

"Ka ɗauki wani abu a ciki?"

"Abin da aka ce in ɗauka."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin kanta. A ciki akwai tsofaffin wayoyin tarho na kan tebur, an jera su baki-da-baki, kowanne da 'yar takarda mai lamba. A samansu kuma ga wata gajeriyar waya rawaya, an naɗe ta da kyau, an ɗaure da zare, an rataya mata lamba goma sha huɗu. Sannan ya buɗe fayil ya zaro sanarwar da aka raba ranar Litinin, ya miƙa.

Babban Akawu bai buƙaci karantawa ba, amma ya karanta. "A tattara wayoyi goma sha huɗu da ba sa aiki, a mayar sito." Sa hannunsa na ƙasa.

"Na zagaya ofis-ofis," in ji Mai Sito, "na sami sha uku. Na sake zagayawa, sha uku. Takarda kuwa ta ce sha huɗu. Jiya bayan ƙarfe huɗu ina wucewa ta baranda sai na ga akwati cike da wayoyi, kowace fitilarta na rawa, sai guda ɗaya ta yi lakwas. Waya ce? Waya ce. Tana aiki? Ba ta yi. Na ce madalla, ga cikon."

"Firintar ce a kashe. Sakatariya na kashe ta da ƙarfe huɗu saboda zafi."

"Takarda ba ta faɗi haka ba."

"Tarho ake nufi, mutumin kirki. Wayar magana."

"Nan ma takarda ba ta faɗa ba."

Babban Akawu ya sake duban sanarwar. Tarho na goma sha huɗu ya tuna da shi yanzu: wani tsohon Darakta ne ya tafi da shi gida shekara takwas da suka wuce, ba wanda ya yi ƙarfin halin soke shi daga rajista. Ya kuma tuna da safiyar Litinin. Sakatariya ta kawo masa daftarin sanarwar, ta rubuta "wayoyin tarho na kan tebur, waɗanda aka daina amfani da su tun da aka yanke layin ofis." Ya zaro jan biro ya bi ta kan kalmomin da layi ɗaya miƙaƙƙe, har ya ji daɗin yadda layin ya fita. Ya ce mata, "Waya waya ce. Ba jahilai muke rubuta wa ba."

"To ba ni ita," ya ce wa Mai Sito, "da makullin."

"Da takarda."

"Ka san abin da ke jira a sama?"

"Na sani. Yarinyar nan a gabana ta girma, ina sonta da alheri. Amma ƙa'ida ta ce kayan da ya shigo sito bisa sanarwa ba ya fita sai wanda ya sa hannu a sanarwar ya bayyana cewa ba shi ake nufi ba, ya kuma faɗi dalilin da aka ɗauko shi. Kofi ɗaya fayil, kofi ɗaya teburin Darakta." Ya ɗan karkata kai. "Kai ka rubuta ƙa'idar, shekara goma sha ɗaya ke nan. Har ka yi mini faɗa a kan wata fanka."

"A buga ta ke nan? Da wace firintar?"

"Wannan ba sashena ba ne." Ya buɗe littafin ƙa'idoji, ya bi layin da yatsa. "Amma ka yi sa'a. 'A rubuce' kawai ta ce. Ina jin da akwai 'da na'ura' a wurin, wani ya soke."

Babban Akawu ya ɗauki takarda a kan kanta, ya rubuta a tsaye: "An ɗauko bisa kuskuren sito. A mayar." Ya miƙa.

Mai Sito ya karanta, ya miƙo masa abinsa da yatsa biyu.

"Sito bai yi kuskure ba, abokina. Sito ya ƙirga har sha huɗu."

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Babban Akawu ya koma ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ajiye farar takarda a gabansa. Darakta na ɗakin taro da wanda zai gaje shi, suna bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya, an kuma ce kada a ƙwanƙwasa. Ko da an ƙwanƙwasa, tambayar farko da zai yi ita ce wa ya rubuta sanarwar.

Shekara talatin da huɗu, babu fayil ɗaya a ginin nan da ke ɗauke da kalmar "kuskure" kusa da sunansa. Saura masa wata bakwai ya ajiye aiki. Takardar da zai rubuta kuwa ita ce ta farko da sabon Darakta zai tarar a kan tebur.

Akwai kuma wata hanya, wadda ba ta buƙatar rubuta komai. Ya zauna kawai. Ƙarfe biyu ta buga, a ce na'ura ce ta ba da matsala, abin da ke faruwa a kowane ofishi kowace rana, ba a kuma taɓa tuhumar kowa a kansa ba. Gobe Injiniya ya zo da wata wayar a jakarsa, a sasanta da Mai Sito a hankali. Da yamma kuma a ji motsin kwanuka a ɗakin girki kamar kullum, a kuma ci gaba da ji har shekara mai zuwa. Babban Akawu ya duba wannan hanya yadda yake duba kowane daftari, daga sama har ƙasa, bai sami kalmar da zai soke ba. Ya daɗe yana dubawa.

Sha biyu da kwata aka turo ƙofa. Sakatariya ce. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ya san daftarin Litinin na cikin durowarta, da jan layinsa a kai, domin shi ya koya mata kada ta taɓa yar da daftari. Ya jira ta ambace shi.

"Kawu," ta ce, "shayinka ya huce. In sake ɗumamawa?"

Ya ɗaga kai don ya gyara mata kiran, sai ya ga ta riga ta san ta faɗa.

"Bar shi," in ji shi.

Ta ja ƙofar.

Ya mayar da jan biro aljihu, ya nemo shuɗi a ƙasan durowa, sai da ya goga shi a bayan ambulan kafin ya kama. Ya rubuta cewa shi, Babban Akawu, shi ne ya sa hannu a sanarwar ranar Litinin. Cewa daftarin da aka kawo masa daidai yake, ya fayyace wayoyin tarho na kan tebur. Cewa shi da hannunsa ya soke wannan bayani, ya bar kalmar "wayoyi" tsirara, alhali kalmar na ɗaukar tarho, tana ɗaukar na hannu, tana kuma ɗaukar igiyar da ke haɗa na'ura da na'ura. Cewa sito ya bi abin da aka rubuta, kuma kuskuren na wanda ya rubuta ne. Cewa ana roƙon a saki gajeriyar waya rawaya, mai lamba goma sha huɗu a rajistar sito, wadda mazauninta rami na tara ne a akwatin baranda, tare da makullin akwatin. Ya kwafe ta sau biyu. Shafin ya cika har ƙasa, sa hannun ya matse a kusurwa.

Mai Sito ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi. Da ya kai ƙarshe ya koma farko.

"Ta yi tsawo," in ji shi.

Ya buga hatimi. Sannan ya kwance zaren da kansa, ya ɗauko makulli, ya biyo Babban Akawu har baranda, wai kayan sito ba ya tafiya shi kaɗai. Aka buɗe kwaɗon. Babban Akawu ya sa baki ɗaya a sama, ɗaya a rami na tara, kowanne ya yi ƙas. Fitilar ta yi jim kamar mai tunanin ko ta yafe, sannan ta fara ƙyaftawa.

Kafin su iso ofis sun jiyo ƙarar firintar. Duk dannawar da Sakatariya ta yi tun safe ashe tana nan a layi tana jira, ga shi yanzu suna fitowa bi da bi. Takardar canjin wurin aiki ta fito sau goma sha tara.

Darakta ya fito daga ɗakin taro da ƙarfe biyu saura minti goma, yana neman hularsa. Babban Akawu ya tare shi da fayil a buɗe.

"Ranka ya daɗe, saura wannan."

Darakta ya sa hannu a tsaye, bai karanta ba, ya tambayi ko wani ya ga hular.

Sakatariya ta karɓi takardar da hannu biyu, ta sa a ambulan, ta sa ambulan a jaka, ta zuge jakar, ta sake buɗewa ta leƙa. Babban Akawu na tsaye gaban firinta yana tattara ragowar kofin, yana daidaita gefensu a kan tebur.

"Ba nisa ba ne, Kawu," ta ce. "Kullum zan riƙa kiranka a waya."

"Wacce daga ciki?"

Ta yi dariya har ta dafa kujera. Shi bai yi ba. Tambaya ce ta neman bayani.

Ƙa'ida ta ce duk kofin da ya yi rara na takardar ma'aikaci a yayyaga shi nan take. Guda goma sha takwas suka yi rara. Ya tsaya a kan kwandon shara ya yaga su ɗaya bayan ɗaya, kowanne gida huɗu, har goma sha bakwai. Sannan ya koma ofishinsa ya sha shayin a yadda yake.